Layi Ɗaya a Ƙarƙashin Haɓa

Shekaranjiya ina guga na ji ɗayarku tana ce wa sauran wai ɗinkin kayan wasannin makaranta hutu ne, tunda ba surfani ba tattara, yanka ka haɗa ne kawai. Tun abin da ya faru a Gandun Dabino mako uku da suka wuce, idan na ɗauko maganar da baki muryata ba ta kai ni ƙarshe. Shi ya sa na ɗauki biro. Ku da kuke koyon ɗinki a shagon nan ku karanta a tsanake, domin aikin da kuke rainawa shi ya yi wa shagon suna. Sau ɗaya na rasa shi, saura kaɗan in sake rasa shi, kuma duk a kan ɗinkin da tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba.

Makarantar 'yan mata ta kwana da muke wa ɗinki, wadda take bayan duwatsu idan an fita daga Dutse, a nan na yi sakandare. Ranar da yarinya ta shiga aji ɗaya ake ba ta gida, ba ta kuma sauya shi har ta gama, ƙanwa ma gidan yayarta take gada. Gida huɗu ne: Dabino mai kore, Rimi mai ja, Tafki mai shuɗi, sai Marke mai rawaya. Sunayen gandaye ne na wani attajirin manomi da ya ba da filin da aka gina makarantar. Uku gari ya cinye su. Inda Gandun Rimi yake yanzu gidan mai ne, Tafki an cike shi an yi gidajen ma'aikata, Marke kuwa har yau ana musun inda yake. Gandun Dabino kaɗai ya rage: tsohon gidan ƙasa mai soro biyu, rijiya, lambu, dabinai, da wani dattijo mai tsaron wurin da kowa ke kira Baba Maigandu. Ni 'yar Dabino ce, kuma ba mu bar sauran sun sha ruwa ba. Da mun haɗu a hanyar ɗakin cin abinci sai mu ce, "'Yan Marke, a nuna mana gidanku mu kawo ziyara." Su ce, "Gara mu da ku masu gidan ƙadangaru."

Gasar gidaje ba rana ɗaya ba ce. Tun farkon zango ake tara maki, daga tsaftar ɗakin kwana, muhawara, kacici-kacici da musabaƙa. Ranar wasanni ake rufewa da fareti, jan igiya da gudun miƙa sanda, sannan a ƙarshe gudun gandu. Yara za su tashi daga ƙofar makaranta, su bi ta tsakanin duwatsu har gandu, su zagaya rijiya, Baba Maigandu ya ba kowacce ganyen dabino shaidar ta je, su dawo. Makinsa ya fi na kowanne yawa, sau da yawa shi ke faɗin gidan da zai ɗauki kofi.

Aikin farko da Gwaggo Asabe ta ba ni ba ɗinki ba ne, warwara ce. Ƙanwar mahaifina ce, ita ke yi wa Gidan Dabino ɗinki tun ba a haife ni ba, kuma wurinta aka kai ni da na gama makaranta. Ta miƙo mini reza da tulin tsofaffin wanduna. Wata uku ina kwance ɗinkin wasu ina hura gawayi a dutsen guga, ban hau keke ba. Da na yi ƙorafi ta ce, "'Yar nan, sai kin ga inda ɗinki yake mutuwa za ki san inda ake ba shi rai." Keken taka-da-ƙafan da kuke wa dariya, shi ne nata. Almakashi biyu ta ba ni, babba na yadi wanda ba a yarda ya taɓa takarda ba, da ƙarami na tsinke zare. Sai tef, alli da kwalbar man keke. Ba su da yawa, amma ko ɗaya ba ta ba da aro.

Ranar da muka fara zuwa Kano sayen yadi tare, mun shiga shago bakwai kafin ta saya. Kore ba ɗaya ba ne. Bandir biyu za ka gani a inuwar shago kamar tagwaye, ka fito rana ka ga kowanne da ubansa. Alƙalan fareti kuwa da rana suke kallo, kuma suna rage maki idan launin gida ya bambanta. Don haka ba ta sayen bandir sai waɗanda aka sauke tare daga masaƙa, kuma sai ta yanko ƙyalle ta jiƙa da ruwan gishiri mai ɗumi, wai shi ne ɗan'uwan gumi, ta murza a kan farin ƙyalle. Idan ya zuba, ta ajiye ta wuce, domin wandon yaran fari ne. Wani mai shago ya ce mata, "Hajiya, yadi kika zo saye ko wanki?" Ta ce, "Alhaji, wanda na saya a wurinka waccan shekarar ne ya koya mini wankin."

Awo ma aiki ne. Yara sun haura ɗari a gida ɗaya, kuma kowacce da dabararta. 'Yar aji ɗaya za ta ɗaga dunduniya don a yi mata babba ya kai ta aji uku. 'Yar aji shida za ta riƙe numfashi. Tsawon hijabi ba namu ba ne, dokar makaranta ce ya kai gwiwa. Namu shi ne zagayen fuska, daga goshi a zagayo ƙarƙashin haɓa. Idan ya yi yawa ya zamo ya rufe ido ana gudu, idan ya matse yarinya ta dawo da ciwon kai.

To, a nan ne ɗinkin da nake magana yake. Ranar da na fara duba hijabin gudu da Gwaggo ta gama, sai na ga ko'ina ta yi layi biyu da zaren roba, amma daga haɓa zuwa ƙirji layi ɗaya ne tak, da zaren auduga, takunsa manya, ba ta ko maimaita bakin ba. Na ce, "Gwaggo, kin manta nan." Ta sa mini shi, ta zagaya bayana ta fizga da ƙarfinta. Na ji ƙat, hijabin ya bar kaina yana hannunta. Sai ta ɗauko nawa na fita unguwa ta sa mini, ta ɗan ja kaɗan. Tari ya sarƙe ni har da hawaye.

Ta ce, "Kin ji ko? Na unguwa tafiya ake da shi, wannan gudu ake. Ranar da wani abu ya kama shi, dole ɗaya ya saki, ko zare ko maƙogwaro. Ke ce tela, ke za ki zaɓa tun a kan keke."

A shekarata ta huɗu yanar ido ta rufe wa Gwaggo gani, aikin ya dawo hannuna. Shekarar ce ta zame mini baƙa. Wata 'yar aji biyar tana kan gaba a gudun gandu, shingen ƙayar da ake yi wa lambu saboda awaki ya kama mata hijabi. Ɗinkin ya saki yadda aka yi shi ya saki. Yarinya da zafin gasa ba ta tsaya ba, ta riƙe shi da hannu ɗaya ta ci gaba, iska ta ƙwace, ta shigo fili ta ɗaya da kitsonta a waje, a gaban rumfar manyan baƙi da iyaye maza. Alƙalai suka soke makinta. Mahaifinta ya hana ta sake shiga wasa har ta gama makaranta.

Washegari Malama Rakiya ta zo shago. Ita ce malamar Gidan Dabino tun ina ɗaliba, ita ta yi jinyata lokacin da na yi ƙyanda a aji biyu. Ta jefa hijabin a kan teburin yanka ta ce, "Hajara, wannan ɗinki ne ko wasan yara? Jiya ni aka tsayar gaban iyaye kamar mai laifi."

Na ce, "Malama, da gangan ake yin sa haka, saboda wuya."

Ta ce, "Da gangan kuma? To kin ƙara ɓata maganar."

Aka ba da aikin ga wani tela mai keken lantarki a cikin gari. Shekara biyu ina faci, ina rigunan filo da kayan 'yan firamare. A unguwa idan na wuce sai in ji ana cewa, "Ita ce fa wadda ɗinkinta ya buɗe kan yarinya." Ban ce sun yi ƙarya ba, kan ya buɗe. Shi ya sa na zauna da ƙyallayen da suka rage ina gwaji, har na fitar da hular cikin nan da kuke ɗinkawa yanzu kamar tun asali akwai ta: ta rufe gashi da kunne, roba a ƙeya, ba abin da ya zagaya wuya. Ko hijabi ya tafi, kai a rufe yake. Gwaggo ta shafa ta da yatsu ciki da waje ta ce, "Shekara talatin ina abin nan, wannan bai zo mini ba." Ba ta taɓa yaba mini kamar ranar ba.

Kore ne ya dawo mini da aikin. Telan nan ya haɗa bandir biyu, 'yan Dabino suka fito fareti kamar lambun latas da alayyafo, shekara biyu a jere suna rasa maki. Malama ta dawo. Na nuna mata hular, ta yi murna ta ce a yi wa kowa. Sannan ta ɗaga yatsu biyu.

"Amma haɓa layi biyu, da zaren roba. Hula ko ba hula, na amsa gaban iyaye sau ɗaya, ba zan sake ba. Kin yarda ko in tafi?"

Na ce, "To, Malama."

Ga abin da na yi, kuma shi ya sa ban taɓa barin ɗayarku ta ɗinka haɓa ba. Kafin in haɗa ɓangarorin biyu, sai in bi bakin kowanne shi kaɗai da zaren roba mai ƙyalli. Sannan in haɗa su da layi ɗaya na zaren auduga, in goge da dutsen guga har ya kwanta. Mai dubawa zai ga layin roba dama da hagu, ya ce an ɗaure tamau, alhali ba abin da suka riƙe. Da na gaya wa Gwaggo sai ta ce, "Dabara ce, kuma ƙarya ce. Ki shirya amsa." Malama ta zo karɓa, ta ɗaga ɗaya a haske ta ce, "Yawwa, ko ke fa." Bara aka yi gasa lafiya.

Bana, ranar wasanni bayan la'asar, ina tsaye bakin rijiyar gandu da jakata. Kullum can nake tsayawa da hijabai na ko-ta-kwana, allura da almakashi. Safiya ce ta fara ɓullowa daga tsakanin duwatsu, kaftin ɗin Dabino, 'yar aji shida, ta ba ta biyu tazara mai yawa. Ta karɓi ganyenta a hannun Baba Maigandu, tana juyowa ta taka dutsen da ruwan guga ya jiƙa, ƙafa ta gurɗe. Ta tashi ta faɗi, ta sake tashi.

"Anti Hajara, ɗaure mini da ƙyalle kawai, wallahi zan iya. 'Yan Marke fa za su ɗauka!"

Malam Sale malamin wasanni yana bin masu gudu a kan babur, domin adaidaita ba ta iya shiga hanyar, a titi take jira. Ya dubi ƙafar ya ce, "Kaftin, kofi na baɗi ma akwai. Hau in kai ki titi."

Ni na tallafa mata ta hau. Ni da hannuna. Na gyara mata ƙafar, na miƙa mata ganyenta da ya faɗi, ban tattare mata bakin hijabin na sa ta zauna a kai ba. Abin da nake gaya wa kowace mai ɗinki idan za ta hau babur daga ƙofar shagon nan, ranar ban yi ba.

Bai yi taku goma ba na ga koren hijabin yana lasar tayar baya. Kanta ya yi baya gaba ɗaya, har na ga ƙasan haɓarta yana kallon sama. Sai na ji ƙat. Hijabin ya zare daga kanta, taya ta haɗiye shi duka, babur ya turje ya mutu, Malam ya kafa ƙafa a ƙasa. Safiya tana zaune a inda take da korar hularta, hannu a maƙogwaro. Baba Maigandu yana ta salati, ganyen dabino ya watse a ƙasa, masu gudu suna wucewa ba mai ba su. Ita kuwa abin da ta fara cewa shi ne, "Malam, hijabina." Jan layi ne ya kwanta mata a wuya kamar an shata da alli, bai ko yi jini ba.

Na sa mata wani daga jakata, Baba Maigandu da matarsa suka tallabe ta zuwa titi. Ni na durƙusa cire yadin daga taya. Ya naɗe ya murɗe ya yi tauri kamar igiyar rijiya. Babban almakashin Gwaggo na sa, wanda ko takarda bai taɓa ci ba, sai da ya yi giɓi biyu. Ina yanka ina tunanin abin da ke ɗaya bakin yadin nan da zaren bai saki ba. Har yau idan babur ya wuce ƙofar shago sai ƙafata ta tsaya a kan keke, kun sha gani.

Ina cikin haka Malama ta iso da haki, an je an gaya mata. Ta tsinci guntun haɓar a ƙasa. Layin roba yana nan dama, yana nan hagu, ko zare ɗaya bai tsinke ba, tsakiya ce kawai ta rabu. Ta daɗe tana juya shi. Ta dube ni, ta sa shi a jaka, ta bi Safiya asibiti. Dabino ta zo ta uku, Marke ta ɗauki kofi.

Kwana tara ban ji daga makaranta ba. Kuna gani ina ba ku allura ku zura mini zare, kuna tsammani gwada ku nake. Na riga na fara tunanin rigunan filo.

Ran na goma bayan azahar, na aike ku kai ɗinkin biki, sai ga Malama ta yi sallama. Ta gaida Gwaggo da ke zaune a tabarmarta, ta ƙi kujerar da na jawo mata, ta ajiye guntun a kan tebur.

"Hajara, layi nawa na ce?"

"Biyu, Malama."

"Nawa kika yi?"

"Ɗaya."

"Shekara biyu kina tsaye ina ɗaga abin nan ina yaba miki. Me kika mayar da ni?"

Na durƙusa. Na ce, "Malama, na yi miki ƙarya, ki yafe mini. Kuma ni na ɗora ta a babur ban tattare mata ba, wannan ma laifina ne. Amma idan layi biyu za a yi, ki kai wa wani. Hannuna ba zai iya ba."

Gwaggo ta ce daga inda take, "Malama, layi ɗayan ni na koya mata. Ƙaryar dai nata ƙarin ne, ba da ita ta bar hannuna ba."

Malama ta kusa yin dariya, ta danne. Sai ta jawo kujerar ta zauna. Ta ce ta kai guntun gaban shugabar makaranta da kwamitin iyaye, har da tayar babur ɗin, wadda Malam Sale ya cire ya kawo, ƙarfenta uku sun lanƙwashe. Ta gaya musu da bakinta ita ta ce a yi layi biyu, tela ce ta ƙi. Mahaifin Safiya ya karɓi guntun ya riƙe, sai da aka roƙe shi ya mayar. Maganar rage tsawon hijabi an yi ta musu ba a gama ba. Malamar Marke ta ce su da nasu suka ci kofi, ba za su sauya ba. Wannan yana damuna, kuma ban san yadda zan yi da shi ba tukuna. Amma Rimi da Tafki sun ce a kawo musu irin na Dabino.

Ta miƙe ta gyara mayafinta ta ce, "Ƙaryar ban yafe ba tukuna, sai na huce. Kuma layin roban nan na ado, kada in sake ganinsa. Ki yi layi ɗaya a fili, kowa ya gani. Uban da ya tambaya, ki turo shi wurina."

Na ce, "To, Malama."

Ta kai ƙofa ta juyo. "Tashi daga ƙasan nan mana. Ranar Litinin ki zo da tef ɗinki da wuri, gida biyu ne ba a auna ba."